Daga Agadas zuwa ƙololuwar Bagazam a ƙafa: lissafin ruwa, lokaci da kaya

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala tana magana ne a kan yadda ake tsara doguwar tafiya a ƙafa, mutum goye da kayansa, daga filin hamada zuwa bisa dutse. Misalin da muka ɗauka shi ne hanyar da ta tashi daga birnin Agadas ta ƙare a Idukal-n-Tagas, wanda taswirorin Faransanci ke rubutawa Idoukal-n-Taghès. Wannan ƙololuwa tana cikin duwatsun Bagazam, a kudancin Abzin, tsayinta mita 2,022 bisa teku, kuma ita ce wuri mafi tsawo a ƙasar Nijar. Littattafai da dama sun daɗe suna ba dutsen Greboun wannan matsayi, alhali shi mita 1,944 gare shi, kuma har yanzu akan ci karo da wannan kuskure a takardun ɗalibai. Sunan Bagazam ba baƙo ba ne a bakin Bahaushe. Ko wanda bai taɓa taka Abzin ba ya ji labarin dokin Bagazam, wanda sarakuna ke alfahari da shi.

Mun zaɓi wannan hanya ne saboda ɗaliban labarin ƙasa, da masu nazarin duwatsu da itatuwa da harsuna, sukan buƙaci shiga wannan yanki, kuma ba ko'ina mota ke kai mutum ba. Yawancinsu daga kudu suke fitowa, daga Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, inda da wuya a yi tafiyar wuni ba a ga gari da rijiya ba. Abin da muke son nunawa shi ne cewa irin wannan tafiya da rijiyoyi ake auna ta. Yawan kilomita yana zuwa daga baya. Wanda ya fara tsari daga nisa, sa'an nan ya nemi inda zai sha ruwa, ya juya lissafin.

2. Siffar ƙasar da za a ratsa

Agadas tana kimanin mita 520 bisa teku. Tsakaninta da ƙololuwar, in an miƙa zare a kan taswira, kimanin kilomita 120 ne ta arewa maso gabas. Amma mai tafiya a ƙasa ba ya bin zare. Yana bin kwaruruka, wato hanyoyin ruwan damana da ake kira kori, yana kewaya duwatsu, yana ratsewa zuwa rijiya. A tsarinmu mukan ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan nisan zare, wato kilomita 120 su koma 160. In aka ɗauka ana yin kilomita 20 a wuni, kwana 8 ke nan kafin a sa ranar hawa da ranar hutu a ciki. Kwana 10 zuwa 12 shi ne adadin da ya kamata a riƙe, ban da dawowa.

Hanya biyu ce ta fi sauƙin tunani. Ta farko tana bin kwarin Telwa, ta Azel da Dabaga, har Awdaras, a tari Bagazam ta yamma. Ta kwarin Awdaras ne Heinrich Barth ya bi a watan Oktoba na 1850 lokacin da ya zo Agadas daga Tintellust. Ta biyu tana zagayawa ta Abardak da Tabelot, ƙasar lambunan albasa, a hau ta gabas. Kowace daga cikinsu tana da garuruwa da lambuna, kuma tana da tsakanin da babu kowa.

Abin lura shi ne yadda hawan ya kasu. Mita 1,500 ne tsakanin Agadas da ƙololuwa, amma ba a shimfiɗe suke daidai a kan hanya ba. Cikin kwanakin farko ƙasa tana tashi da mita 3 ko 4 a kowace kilomita, abin da ƙafa ba ta ma ji. Sa'an nan sai a iske Bagazam tsaye kamar ganuwa: faifan dutse ne mai tsawon kilomita 40 da faɗin kilomita 20 kimanin, gefensa ya ɗara filin da ke gindinsa da kamar mita 600, kuma ta ƴan tsagogi kaɗai ake hawansa. A bisa faifan, wajen mita 1,500, akwai ƙauyuka da idanun ruwa da lambuna. Daga nan ne ƙololuwar ta sake tashi a sashen arewa. Ke nan tafiya uku ce aka haɗa a cikin ɗaya, ta yashi da ta ganuwa da ta bisa faifai, kuma kowace da irin abin da take nema ga jiki da kaya. Wanda yake son bayanin asalin waɗannan duwatsu sai ya duba aikin Alain Morel na 1985 a kan manyan duwatsun Abzin.

3. Zaɓen lokaci

Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Tsakanin Agadas da Idukal-n-Tagas bambancin ya kusa digiri 10. Wannan adadi ɗaya shi ne ke sa zaɓen lokaci ya zama ciniki, domin watan da ya yi daɗi a ƙasa ba shi ne ya yi daɗi a sama ba. A watannin Mayu da Yuni zafin rana a Agadas yakan wuce digiri 40. A lokacin bisa Bagazam yana da daɗin zama, amma kwana 8 na yashi da ke gabansa suna iya kashe mutum. A Janairu kuwa tafiyar fili ba ta da wuya, daren Agadas yakan sauka wajen digiri 11 ko 12, wanda ke nufin a kan dutse ana dab da sifiri, kuma a cikin kwazazzabai inda sanyi ke kwanciya ruwa yakan daskare a kwano.

Damana, wato Yuli zuwa Satumba, tana da nata haɗari. Ruwan da ke sauka a Agadas kaɗan ne, a yawancin shekaru ba ya kai milimita 200, amma na bisa duwatsu yana gangarowa lokaci guda. Kori yakan cika cikin mintoci kaɗan a wurin da ko ɗigo bai sauka ba. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar Telwa ta farkon Satumba 2009 ba, wadda ta rushe gidaje masu yawa. Hanyar mai tafiya a ƙafa kuwa cikin korin take.

A ganinmu lokacin da ya fi dacewa shi ne daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Zafi ya karye, ɗari bai kai maƙura ba, hazon hunturu bai yi kauri ba, kuma, abin da ya fi muhimmanci, ruwan damanar da ta wuce yana nan kusa a cikin yashin kori da cikin kwarmin duwatsu. Daga nan kullum ja da baya yake yi. Wurin da aka sha ruwa a Nuwamba ana iya iske shi busasshe a Maris. Sai dai wannan lokaci yana da wata matsala da taswira ba ta nunawa: wajen Oktoba ne ayarin gishiri ke tashi zuwa Fashi da Bilma, bayan ya dawo kuma ya gangara kudu, Damargu da Damagaram da ƙasar Hausa, neman hatsi da kiwo. Gerd Spittler ya bayyana wannan zagaye dalla-dalla a bincikensa kan Kel Ewey na Timiya. Ma'anarsa ga mai tsari ita ce, a daidai watannin da yake so, wani sashe na raƙuma da mazan da suka fi sanin hanya ba su gida. Maganar jagora da dabba tun damana ake ƙulla ta.

4. Lissafin ruwa

Salon tafiyar da Turawa ke yi da jakar goyo, wadda ake ce ma sac à dos da Faransanci, an gina shi a kan tunanin mutum ya wadatu da abin da ke bayansa. Wannan tunani ya taso a ƙasashen da ƙorama ke gudu a kowane kwari. Bari mu gwada shi da alƙaluma a kan hanyarmu.

Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, babu dabarar da ke rage shi. Mai tafiya da kaya a lokacin sanyi yana buƙatar kamar litir 6 a wuni, in an haɗa na sha da na dahuwa da na shayi, ban da wanka. A bazara buƙatar tana iya ninkawa, domin mai tafiya cikin rana yana iya zubar da litir guda na zufa a awa, kuma saboda bushewar iska ba ya ganin jiƙewar rigarsa balle ya ankara. A ɗaya gefen, kayan da mutum zai iya goyawa kwana da kwanaki ba tare da ya ji ma gwiwa da kafaɗa ba, ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa ba. Ɗalibi mai kilo 64 yana da kilo 16 ke nan. Jakar kanta, bargo, rigar sanyi, tukunya, magunguna, fitila, littafi da kayan awo za su cinye kilo 7 ko 8. Busasshen abinci na wuni guda kamar giram 700 ne. Na kwana 3 kilo 2 da ɗoriya. Abin da ya rage ma ruwa kilo 6 ne, wato wuni ɗaya cif.

Sakamakon a fili yake. Mai jakar goyo a Abzin, a lokacin sanyi, ba zai iya nisantar ruwa fiye da tafiyar wuni ɗaya ba, ko ɗaya da rabi in ya matse. A bazara rabin wuni ne. Bugu da ƙari, wannan lissafi bai bar komai ba domin ranar da aka iso rijiya aka tarar ta ƙafe ko ta rufta. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma a nan maganar ba karin magana kaɗai ba ce: dole mutum ya iso kowane wurin ruwa da sauran abin da zai kai shi wuri na gaba, ko ya mai da shi na baya. In aka sa wannan sharaɗi, sai a ga jakar goyo ita kaɗai ba ta isa ba a duk inda tazarar ruwa biyu ta wuce kilomita 15.

A Amurka akwai wata hanya da masu wannan sha'awa suka sani, daga Badwater, mita 86 ƙarƙashin teku, zuwa ƙololuwar dutsen Whitney mai mita 4,421, tafiyar fiye da kilomita 200. Masu binta sukan riga su zagaya da mota su ajiye ruwa a wuraren da hanyarsu ta gitta titi. A Abzin wannan dabara ba ta da amfani sosai, kuma ba a buƙatarta, domin ƙasar tana da mutane, mutanen kuma suna da ruwa. Aikin mai tsari shi ne ya san irin ruwan da zai tarar a kowane zango, don ba duka ɗaya suke ba.

Akwai rijiyoyin lambu na bakin kori, inda raƙumi ko sa ke jan guga ta na'urar itace da ake kira takarkart. Su ne suka fi tabbas, kuma suna da mai su, wanda ake yi ma sallama a nemi izini. Akwai rijiyoyin makiyaya, waɗanda ba a barin guga a bakinsu. Wanda ya zo ba igiya da wasaki zai zauna yana kallon ruwa har wani ya zo. Igiya mai mita 30 da ƙaramin guga na roba ba su da nauyi, kuma muna sa su a sahun farko na kaya. Akwai ramukan da ake tonawa a yashin kori bayan damana, waɗanda ke ƙara zurfi wata bayan wata har su ƙare. Akwai kuma tafkunan cikin dutse, agelmam da harshen Tamajak, inda ruwan sama ke taruwa a inuwa. Wasu suna kai shekara, wasu wata biyu, kuma dabbobin gida da na dawa duk nan suke sha. A bisa Bagazam ne ake samun idanun ruwa masu gudana.

Saboda haka takardar tsari ta gaskiya jerin wuraren ruwa ce. A gaban kowane wuri a rubuta irinsa, da awoyin tafiya daga na bayansa, da wanda ya ba da labarinsa, da ranar da shi mai labarin ya gan shi da idonsa. Wannan na ƙarshe shi ne ɗalibai suka fi mantawa. "Akwai ruwa a can" daga bakin wanda ya shayar da awakinsa shekaranjiya daban yake da na direban da ya wuce bara.

Ruwan tafki da na ramin yashi sai an tace shi da ƙyalle, sa'an nan a tafasa ko a jefa masa ƙwayar kulorin a jira rabin awa. Gudawa a tsakiyar hanya tana ninka buƙatar ruwa a daidai lokacin da ƙafa ta kasa kai mutum gare shi. Ruwan gishiri da sukari, wato litir ɗaya da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kowa a cikin tawaga ya kamata ya iya haɗa shi. Alamar da ta fi sauƙin dubawa ita ce fitsari: in ya yi kaɗan kuma ya yi ja, an riga an makara da sha. Game da alwala, matafiyan wannan ƙasa tun da can taimama suke yi inda ruwa ya yi ƙaranci.

5. Abin da ayari ya riga ya warware

Matsalar da muka lissafa ba sabuwa ba ce, kuma mutanen ƙasar sun daɗe da warware ta. Maganinsu shi ne dabba ta ɗauki ruwa da hatsi, mutum ya ɗauki kansa. Raƙumi yana ɗaukar kilo 150 ba da wahala ba, kuma a lokacin sanyi, in akwai ɗanyen kiwo, yana yin mako bai sha ba. Raƙumi guda da bido 4 na litir 20 ya mai da tazarar mutum 4 daga wuni ɗaya zuwa kwana 3 da ɗoriya. Jaki kamar kashi ɗaya cikin uku na wannan yake ɗauka, kuma yana son sha kusan kullum, amma a tsagogin ganuwar Bagazam, inda hanya ta zama matakalar duwatsu, shi ne ya fi sauƙin sarrafawa. Turawan da suka shiga yankin tun farko ba su yi wani abu daban ba. Barth da takarkari ya kama hanyar Agadas, Angus Buchanan kuma, wanda ya hau Bagazam a 1920 yana tattara tsuntsaye da namun daji, da raƙuma da jagororin ƙasar ya yi aikinsa.

Wasu za su ce in dabba ta shigo, tafiyar ta daina zama ta jakar goyo. Mu ba mu ga abin damuwa a nan ba. Abin da muke ba da shawara shi ne tsari mai gauraye: raƙumi a fili, jakuna a ganuwa, jakar goyo ta kwana ɗaya ko biyu daga ƙauyen ƙarshe zuwa ƙololuwa. Ko a ranakun da dabba ke ɗauke da kaya, kowa ya riƙe litir 2, ashana, rigar sanyi da fitila a jikinsa, domin raƙumi yakan tsinke, tawaga takan rabu.

Salka, wato jakar ruwa ta fatar akuya, tana sanyaya ruwa saboda tana tsattsafo, amma da ruwan take biyan wannan sanyi. Bido ba ya rage komai, sai dai ruwansa yakan yi zafi, kuma in ya faɗo bisa dutse ya tsage an yi hasarar litir 20 lokaci guda. A raba ruwa cikin mazubi da yawa.

Guzurin ayari ma ya fi na gwangwani dacewa. Dakakken gero da dabino da cuku, wanda Abzinawa ke damawa da ruwa su sha da rana, ba ya son wuta, ba ya lalacewa, kuma yana tilasta ma mutum shan ruwa. Da dare akan yi tuwo, shinkafa ko taliya, ko gurasar da ake gasawa cikin yashi da toka. A ƙara kilishi, ƙuli-ƙuli, mai, sukari da ganyen shayi. Ba a ɗaukar abincin kwana 12 daga Agadas, tun da Dabaga, Awdaras da Tabelot suna da kantuna, lambuna kuma suna sayar da albasa, tumatir da abin da lokaci ya kawo. Itacen wuta busasshe kaɗai ake tsinta. Itatuwan kori, irin su ƙandili, aduwa da goriba, su ne abincin awakin mutane, a bisa dutse kuma akwai zaitun na dawa, saura daga zamanin da Sahara ke da ruwa, wanda ba ya saurin maye gurbinsa.

Tsarin wuni shi ne a tashi bayan asuba, a yi tafiya har hantsi ya ɗaga sosai, a yi ƙailula a inuwa, a sake ɗaura kaya da la'asar, a sauka kafin almuru don a ga inda za a kwanta. Ba a kwana a tsakiyar kori ko da rani ne, ba a kuma yada zango a bakin rijiya, saboda hanyar mata da garkuna ce. Da safe a zazzage takalmi da bargo saboda kunama.

6. Taswira, izini da tsaro

Taswirorin da suka fi amfani su ne masu ma'aunin 1/200,000, inda santimita ɗaya ke daidai da kilomita 2. Suna nuna siffar duwatsu da kwaruruka da kyau, amma an zana su shekaru da dama da suka wuce, don haka rijiyoyi da ƙauyukan da ke ciki sai an tantance. Hotunan tauraron ɗan Adam suna nuna lambunan yanzu, na'urar GPS kuma tana faɗa ma mutum inda yake. Babu ɗayansu da ke faɗin ko akwai ruwa yau, ko wane ne ya sauka a kwarin gaba. Wannan aikin jagora ne, kuma jagora na gari shi ne ɗan yankin da za a ratsa. Wanda ya san Telwa ba lalle ya san tsagogin Bagazam ba, saboda haka sau da yawa mutum biyu ake buƙata. Hausa tana isar da mutum a Agadas da kasuwanni da wurin mazan da suka yi fatauci kudu. A rugage da wurin mata makiyaya Tamajak ce ke aiki. A rubuta sunayen wurare yadda jagora ke furta su, kusa da yadda taswira ta rubuta, don sau da yawa sun sha bamban har a kasa gane wuri ɗaya ne.

Maganar tsaro ba a yi mata kwaskwarima. Abzin ya ga tawaye daga farkon shekarun 1990 har yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ya sake gani daga 2007 zuwa 2009, kuma a karo na biyu an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. An sace ma'aikata a Arlit a Satumba 2010, an kuma sace baƙi ƴan ƙasashen waje a cikin garin Agadas a 2025. Tun da aka fara haƙar zinariya a arewa a 2014, zirga-zirga ta ƙaru, fashi a hanya ma haka. Wannan ba ya nufin kowane kwari haɗari ne, amma yana nufin ba sashen jami'a ne ke yanke hukuncin ƙarshe ba. Takardar izinin aiki daga jami'a ita ce mataki na farko. Bayanta sai hukumomin jahar Agadas da jandarmomi, waɗanda za su iya hanawa ko su gindaya sharaɗin rakiya, musamman in akwai baƙon waje a tawagar. Sai shugaban kowace karamar hukuma da za a ratsa, da sarakunan gargajiya tun daga fadar Sarkin Abzin har mai garin da za a kwana a wurinsa. Gaisuwar nan ba ɓata lokaci ba ce: ita ce ke sa labarin tawaga ya riga ta isa, kuma wanda aka san da zuwansa shi ake nema in ya makara. A bar kwafin jerin zanguna da ranaku wurin mutum guda a Agadas, tare da ranar da zai tada ƙara in bai ji komai ba. Layin salula yana katsewa a cikin duwatsu, kada a dogara da shi.

7. Hawa da sauka

Domin ƙiyasta lokacin hawa, masu hawan dutse suna amfani da ƙa'idar da William Naismith, mutumin Sikotlan, ya tsara a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ƙa'idar ta mutum ce mai ƙarfi, marar kaya, a kan hanya mai kyau. Ga tawaga mai jakuna, cikin tsago mai manyan duwatsu, mukan ƙara rabi a kai. Misali, kilomita 8 da hawan mita 600 za su ba da awa 2 da minti 36 a ƙa'ida, wato kusan awa 4 a aikace. A fara ganuwar da sassafe, a kuma ba ta wuninta ita kaɗai.

Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa ba ya cikin matsalolin wannan hanya, domin galibi sai an wuce mita 2,500 yake farawa. Abin da ke kama ɗan kudu a bisa Bagazam sanyi ne. Yakan iso bakin faifan da riga jiƙe da zufa, iska ta buge shi, rana ta faɗi. A canza riga da zarar an tsaya, a sa hula da safa, a shimfiɗa wani abu tsakanin jiki da ƙasa, don dutse yana zuƙe ɗumin mai kwance fiye da iska. Kwana ɗaya na hutu a ƙauyen bisa yana da amfani ga ƙafa, kuma a nan ne ake samun wanda ya san hanyar ƙololuwa. Mutanen wurin suna noman dankalin turawa, tafarnuwa, albasa da alkama, matansu kuma sun shahara a duk Abzin da sanin itatuwan magani. Mai nazarin tsirrai ya nemi izini kafin ya tsinka.

Ranar ƙololuwa a ɗauki ruwan wuni duka daga ƙasa, kada a sa ran samu a sama. Kafin a tashi a yanke lokacin juyawa, a faɗe shi a gaban kowa: in azahar ta yi ba a isa ba, a koma. Dalili shi ne a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, kuma gangara a kan duwatsu masu motsi cikin duhu ita ce ke karya ƙafa. Mutumin da ya karye a can sai an ɗauke shi a kan jaki har gindin dutse, sa'an nan a nemi mota zuwa gidan likita na Tabelot ko asibitin Agadas.

Sauka tana cin gwiwa fiye da hawa, kuma tana zuwa lokacin da guzuri ya yi ƙasa, takalmi ya gaji. Wanda ya hau ta yamma yana iya sauka ta gabas ya faɗa Tabelot, inda motocin albasa ke zuwa Agadas. Wannan ya rage masa kwana 8 na komawa a ƙafa. In haka aka tsara, sai a sallami mai raƙumi tun a gindin dutse ta yamma, a biya shi har da kwanakin komawarsa gida, a kuma yi magana da masu jakuna tun farko cewa ta wancan gefen za a sauka, domin su ma sai sun sake hawa kafin su kai ƙauyensu.